Zarton riban ya iso shago, moter trifaze ne amma konter ɗina monofaze

Kafintan Bukoki
Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'a. Allah Ya nufa, bayan kusan shekara huɗu ina tari, jiya da la'asar an sauke mini zarton riban a shago, wato mashin ɗin yankan katako wanda bakin zartonsa (lam) ke zagayawa kamar bel. Ta hanyar Lome ya zo. Bolan ɗinsa, wato wilin da lam ke zagayawa a kai, faɗinsa milimeta 600 ne, na ƙarfen zubi, sai da mu shida muka kama kafin ya ƙetare dokin ƙofa.

Ga abin da ya hana ni barci. A plak ɗin moter an rubuta 2,2 kW, 230/400 V, 8,7/5 A, 50 Hz, kuma trifaze ne, wato mai aiki da wayar wuta (faz) uku. Ni kuwa konter ɗin shagona monofaze ne, mai faz ɗaya, fitila da injin huji da ƙaramin zarton hannu kawai yake ɗauka. Wani mai gyaran wuta a unguwarmu ya leƙo ya ce kada in damu, zai ɗaura kondansater, wata ƴar na'ura mai tara wuta da ke sa moter trifaze ya juya da monofaze, yau-yau mashin ya tashi. Ina da aikin tabul-ban 40, wato teburin ɗalibai mai haɗe da benci, na wata lakol, dole in kai kafin a koma karatu a watan Oktoba, shi ya sa zuciyata ke cewa in yarda.

Na biyu, lam ɗaya ce ta zo da shi, faɗinta milimeta 16, mai ƙananan haƙora. Aikina farin katako ne da jan katako, wani lokaci maɗaci mai kaurin santi 20 da nake so in riƙa tsagawa, sai ƙafafun kujeru masu lanƙwasa. Wace iri zan nema? A wurin maigidana kawai na yi aiki da irin wannan mashin, kuma a ɗaure na tarar da shi.

Hajiya Mai Kujeru
Wa alaikumus salam. Barka da arziki ƙanena, Allah Ya sa abokin neman halal ne.

Ɗan Katako
Ma sha Allah! Bolan 600 ai ka shiga sahun manya. Ka bar mutumin ya sa maka kondansater. Ƙaramin mashin ɗin goge katako da ke rumfarmu haka aka yi masa, shekara biyar ke nan bai ce uffan ba.

Mai Wuta Talaje
Barka Malam. Kafin kowa ya taɓa waya, bari in karanta maka plak ɗin nan, don duk amsar tana cikinta.

230/400 V na nufin naɗin moter ɗin kowane ɗaya volt 230 yake ɗauka. In ka samu trifaze irin namu na Nijar, wanda tsakanin faz da faz volt 380 zuwa 400 ne, sai a haɗa shi etwal, wato haɗin tauraro, ya ja amper 5. In kuma trifaze ne mai volt 230, irin wanda bariyater, na'urar da ke sarrafa wutar da ke shiga moter, ke fitarwa, sai a haɗa shi tiriyangil, wato haɗin kusurwa uku, ya ja amper 8,7. Haɗin a akwatin da ke bayan moter ake yin sa, wurin nan mai kusoshi shida da ƴan bareti na tagulla. Wanda ya haɗa tiriyangil ya ba shi 400, moter ba zai daɗe ba zai yi hayaƙi.

Batun kondansater, ba ƙarya mutumin ya yi maka ba, mashin zai juya. Ana lissafa wajen mikrofarad 70 ga kowane kilowat, kai ke nan wajen 150. Amma ƙarfin da za ka samu bai fi kashi biyu cikin uku ba, kuma ƙarfin tashi ne ya fi raunana. Bolan biyu na ƙarfen zubi ba su da sauƙin tayarwa. Moter zai daɗe yana gurnani kafin ya kai gudunsa, kuma duk wannan lokacin naɗinsa zafi yake ɗauka. Ka haɗa da zafin Yamai na watan Afrilu da Mayu, lokacin da kowa ya kunna fanka da klim wuta ta yi ƙasa, sannan ka tura masa maɗaci santi 20. Ni ba zan sa hannuna a wannan aikin ba.

Ɗan Katako
To namu fa da bai ƙone ba, Malam?

Mai Wuta Talaje
Naku kilowat nawa ne, kuma me yake juyawa? Ƙaramin moter mai tashi babu nauyi yana jure wannan haɗin shekaru. Ban ce haɗin banza ne ba, na ce ba na wannan mashin ba ne.

Ɗan Katako
Ƙarfin doki ɗaya ne namu. Na ji, akwai bambanci.

Kafintan Bukoki
Na gode Malam. To mece ce mafita?

Mai Wuta Talaje
Fita waje ka ɗaga kai ka dubi wayar da ke kan fal ɗin layinku. In akwai mai walda ko mai injin niƙa kusa da kai da ke aiki da trifaze, to layin na nan. Ka je ofishin kamfanin wuta NIGELEC na yankinku ka nemi a mayar maka da konter trifaze. Wannan ita ce hanyar da na fi so, musamman in kana da niyyar ƙara rabotez (mashin ɗin fere katako) ko tupi (na fitar da ado a gefen katako) nan gaba, don su ma yawancinsu trifaze ne.

In babu layin, sai bariyater mai karɓar monofaze 230 ya fitar da trifaze 230. Na 2,2 kW ana samu. Yana tayar da moter a hankali, babu fizgar wuta. Sai dai a cikakken aiki yana jan wajen amper 20 daga konter ɗinka, don haka sai ka duba ko amper ɗin da ka yi rajista da su sun kai. Kuma abu ne mai fanka da katin lantarki a ciki, ba ya shiri da garin katako ko ƙurar hunturu. Sai an yi masa akwati nesa da mashin, inda iska ke shiga.

Akwai masu cire moter ɗin su sa na monofaze mai ƙarfi ɗaya. Yana yi, amma amper 13 zuwa 14 zai riƙa ja, lokacin tashi kuma ya ninka sau biyar ko shida. Fitilun maƙwabtanka za su riƙa sanar da su duk lokacin da ka kunna.

Baban Ader
Ɗiyana, Allah shi yi albarka ga wanga mashin. Ni daga Tawa nike rubutu, kuma ba zancen faz zan yi ba, masu ilimin sun yi. Abu guda nike so ka duba tun yanzu, makunnin mashin ɗin.

Shekarun baya ina da yaro mai koyon sana'a, bai wuce shekara 17 ba. Muna cikin tsaga wuta tad ɗauke. Makunnin mashin ɗinmu na lokacin irin na murɗawa ne, inda ka bar shi nan shike tsayawa. Babu wanda yat tuna ya maido shi. Na hita alwala, yaro yab buɗe murhin ƙasa shina kwashe garin katako daga bolan. Wuta tad dawo. Yatsu biyu sunka tahi. Yau magidanci ne da ɗiya, shina sana'a tai, amma duk sa'ad da yam miƙo mini hannu mu gaisa sai abin ya dawo mini sabo, don ni ne babba a wurin kuma na san irin makunnin da ke gare mu.

Ƙasarmu wuta na tahiya tana dawowa ba sallama. Mashin ɗin da ka iya tashi da kainai in wuta ta dawo bai kamata a sa mai lam ba. Ka tambayi Malam Mai Wuta sunan abin da aka sawa, ni dai na san tun ranar ban sake aiki da mashin marar shi ba.

Hajiya Mai Kujeru
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya kiyaye gaba, Baba.

Mai Wuta Talaje
Baba ya faɗi abin da ya fi duk bayanina muhimmanci. Kontakter ne, mai maɓalli biyu, kore na kunnawa da ja na kashewa. A cikinsa akwai bobin, wato naɗin waya, da wuta ke riƙe da ita. Da wuta ta ɗauke sai ta saki, kuma ko ta dawo mashin ba zai tashi ba sai mutum ya sake danna kore. Sababbin mashin da yawa da shi suke zuwa, amma kada ka ɗauka haka ne sai ka gwada: ka kunna babu lam, ka kashe daga disjonkter, wato makashin wutar shagon, ka sake ɗagawa. In ya tashi da kansa, a canza makunnin. Masu bariyater su ma su duba, don akwai saitin da ke sa shi ya ci gaba da kansa in wuta ta dawo, dole a kashe wannan saitin.

Tunda mun shigo nan, ga sauran abin da zan sa in ni ne. Layi na mashin shi kaɗai tun daga tablo, babu rallonj, babu priz ɗin da ake haɗawa da caja. Kabul na tagulla 2,5 mm² ya isa amper 5 har da rara. Disjonkter na moter wanda ake saitawa, a tsayar da shi kan amper 5 na plak, don shi ne zai yanke in moter ya wahala. Disjonkter na gida mai amper 20 ko 32 kabul yake karewa, moter zai iya ƙonewa yana kallo. Sai diferansiyel na miliamper 30, mai yanke wuta in ta zurare ta jikin mashin ko na mutum, saboda ran mutum. Sai kuma abin da mutane ke tsallakewa saboda kuɗi, wato rele mai lura da faz, mai kashe mashin in faz ɗaya ta ɗauke. A trifaze, faz ɗaya kan iya ɗaukewa biyu su rage. Moter ba zai tsaya ba, zai ci gaba da juyawa yana kuka yana zafi har ya ƙone. Yawancin moter ɗin da ake kawo wa masu naɗi haka suka mutu.

Ka kuma dubi bobin ɗin kontakter. In an rubuta 400 V, kabul mai waya huɗu ya isa, faz uku da ta ƙasa. In 230 V ce, tana buƙatar netir, sai mai waya biyar. Shuɗiya ita ce netir, mai kore da rawaya ita ce ta ƙasa, kada a yi wani aiki da su.

Ɗan Katako
A kan kabul bari in ƙara, tunda cikin kasuwar Katako nake wuni. Akwai wanda ake shafa wa ruwan tagulla a sama, cikinsa alminiyom ne. Ka kankare silin da wuƙa kafin ka biya, in ya yi fari ka ajiye. Na gaske ya fi nauyi a hannu, kuma ja ne har ciki.

Kafintan Bukoki
Baba, wallahi jikina ya yi sanyi. Yara biyu ke gare ni a shago, ɗaya ɗan yayata ne. Na duba, maɓalli kore da ja ne, amma zan gwada yadda Malam ya ce.

Mai walda da ke bayan shagona yana da trifaze. Ya ce in ina so in ja waya daga wurinsa mu riƙa raba kuɗin wuta kafin nawa ya zo. Ya kuka gani?

Mai Wuta Talaje
A'a. Doka ba ta yarda ba, kuma ko ba don doka ba, duk lokacin da ya ɗana baget wuta za ta girgiza a wurinka. Sannan ranar da wani abu ya faru, makashin wutar yana cikin shagon wani, mai yiwuwa a kulle.

Hajiya Mai Kujeru
Ƙanena, ni ba kafinta ba ce, amma shekara goma sha ina ba kafintoci aiki ina biya, kuma na ga yadda ranar kai kaya ke sa mutum yin abin da bai dace ba. Tabul-ban 40 ba sa buƙatar wannan mashin. Yankan miƙe ne kusan duka. Ka ɗauki katakonka a amalanke ka kai wurin maigidanka ko masu yanka na kasuwar Katako, ka biya kuɗin yanka, ka zo ka haɗa. Ribar za ta ɗan ragu, amma ko kusa ba ta kai kuɗin sake naɗin moter ba. Sauri ya kan haifi nawa. Mashin da ka jira shekara huɗu zai iya jiran ka wata guda.

Ni ma ina da tambaya ga Malam. Gurup ɗin shagona, wato janareto, 5 kVA ne, zai iya tayar da irin wannan?

Mai Wuta Talaje
Hajiya, in monofaze ne ba zai yi kai tsaye ba. In trifaze ne ma 5 kVA ya yi kaɗan ga tashin kai tsaye, don ana so gurup ya ninka ƙarfin moter wajen sau uku. Ga 2,2 kW a nemi 7 kVA zuwa sama. Da bariyater a tsakani ƙarami ma kan iya, tunda babu fizga.

Ɗalibin Teknik
Ina wuni iyayena. Ba a yi maganar wayar ƙasa sosai ba. Jikin mashin ƙarfe ne gaba ɗaya, kuma mai aiki hannunsa biyu a kan tebur suke. A kafa piket, wato sandar ƙarfe da ake bugawa cikin ƙasa a haɗa ta da wayar ƙasa, na mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a auna da na'ura. Malaminmu ya ja mana kunne cewa awon damina yana ruɗi. Yanzu ƙasa a jiƙe take, awo zai yi kyau, amma rairayin Yamai in ya bushe a bazara labari ya canza.

Mai Wuta Talaje
Haka ne ɗana, malaminku ya san aiki. A kafa shi inda danshi ke zama, kamar kusa da wurin alwala. Masu zuba gishiri a ramin suna samun awo mai kyau da farko, amma gishirin yana cin ƙarfen.

Mai Washin Lam
Sallama. Kun gama da wuta? To ku ba ni wuri, don lam ita ce abincina.

Maigida, lam ɗin da ta zo da mashin ka ajiye ta don kwantirplake da siraran katako. Kada ka tsaga maɗaci da ita. Dalili shi ne kwarmin da ke tsakanin haƙori da haƙori shi ke ɗaukar gari ya fitar da shi ƙasa. A katako mai kaurin santi 20, haƙori yana tafiya mai nisa kafin ya fita. In kwarmin ƙarami ne sai ya cika tun a rabin hanya, gari ya cushe, lam ta yi zafi ta fara yawo, katako ya yi baƙi. Sai mutum ya ce moter ba shi da ƙarfi, alhali lam ce ba ta dace ba.

Abin da muke bi shi ne a samu aƙalla haƙora uku a cikin katako a kowane lokaci, amma kada su yi yawa. Don tsaga mai kauri, nemi mai faɗin milimeta 25 zuwa 30, tazarar haƙori milimeta 10 zuwa 12. Don aikin yau da kullum, faɗi 16 ko 20, tazara 6 zuwa 8. Don ƙafafun kujera, faɗi 10, in lanƙwasar ta matse sosai 6. Mai faɗin 6 tana iya zagaya da'irar da ba ta fi bakin kofin shayi ba, mai faɗin 20 kuwa sai da'ira kamar faranti babba. In ka tilasta wa mai faɗi ta juya inda ba za ta iya ba, bayanta zai riƙa gugar katako har ta tsage.

Wasu kwalaye TPI suke rubutawa, wato haƙora nawa ne a inci ɗaya, inci kuwa milimeta 25,4 ne. TPI 3 ya kama tazarar milimeta 8 da ɗan abu, TPI 6 wajen milimeta 4.

Kauri kuma da bolan ake auna shi, kashi ɗaya cikin dubu. Bolan 600, lam 0,6. Kada wani ya sayar maka da mai kaurin 0,9 ta manyan mashin ya ce ta fi ƙarfi. Kowane zagaye lam lanƙwashewa take ta miƙe, mai kauri a ƙaramin bolan gajiya take ta fara tsagewa daga gindin haƙora.

Kafintan Bukoki
Allah Ya saka. Tsawon fa? Takardar mashin ba ta zo ba.

Ɗalibin Teknik
A auna daga tsakiyar bolan na sama zuwa tsakiyar na ƙasa a ninka biyu, a ƙara faɗin bolan sau 3,14. Misali in tsakanin mita 1,30 ne: 2,60 a haɗa da 1,88, ya ba da mita 4,48.

Mai Washin Lam
Lissafin daidai ne, amma bolan na sama hawa yake yana sauka. Ka tsayar da shi a tsakiyar tafiyarsa tukuna, sannan ka zagaya da igiya marar miƙewa ka auna. In ka auna yana can sama, lam za ta zo da tsawo ka rasa abin ɗaure ta. Ko kuma ka kawo wadda ta zo da shi in auna maka.

Ɗan Katako
Ni dai shawarata ya sayi masu baƙin haƙora ɗin nan da aka gasa. Sun fi daɗewa da kaifi nesa ba kusa ba.

Mai Washin Lam
Sun fi daɗewa, ban musa ba. Amma lim, ƙarfen da muke washi da shi, ba ta cin su, kuma in ka je buɗa haƙoran sai su ɓalle. Ranar da suka dakushe sai shara. Wanda ke zaune inda zai yi odar sabuwa ta iso gobe, wannan ta dace da shi. Mu nan kaya sai sun biyo Lome ko Kano. Lam ta ƙarfe mai wasuwa kuwa za a wasa ta sau da yawa, a sake buɗa haƙoranta ɗaya hagu ɗaya dama, in ta tsinke a haɗa. Kuma katakonmu ba mai tsabta ba ne. Wanda ya kwana a fili a Katako ya sha rairayi, rairayi kuwa ba ya barin kaifi ko na wace lam ce. Balle katakon palet mai ƙusa a ɓoye.

Za a ce don ni mai washi ne nake faɗin haka. To ga inda zan ba ka gaskiya: siririyar nan mai faɗin 6 ko 10 ta lanƙwasa, ka sayi mai gasassun haƙora, don wasa ƙananan haƙora ɓata lokaci ne. Ta tsaga ce nake cewa a sayi mai wasuwa, kuma guda biyu, ɗaya na kan mashin ɗaya na wurina.

Baban Ader
Gaskiya ne. Mu nan da munka saba da ƙirya, itacen turmi, lam guda ba ta kai mu azahar. Kuma in ta tsinke kada ka kai ma mai walda da baget. Sai mai mashin ɗin haɗa lam, wanda ka sake gasa wurin a hankali bayan ya haɗa don kada shi yi tauri, ko mai haɗi da azurhwa. In kana aiki kaj ji tana ƙas, ƙas, ƙas duk zagaye, kashe mashin, tsaga ce ta hwara. Kuma kada yaro shi tsaya gehen dama na tebur, nan lam ka bugowa in ta tsinke.

Ɗalibin Teknik
Wajen ɗaurawa, a saita lam ta zauna a tsakiyar bolan daidai.

Mai Washin Lam
Ba kowane mashin ba, ɗana. Ka ɗora ruler a kan robar bolan, inda lam ke zama, ka gani. In yana da ɗan tudu a tsakiya, to lam a tsakiya take zama. In shimfiɗe yake, kamar yawancin manyan mashin irin na Turai, mai faɗi ana barin haƙoranta su leƙo waje da bakin bolan. In ba haka ba haƙoran za su cinye robar, kuma buɗin gefe ɗaya zai kwanta, lam ta riƙa ja gefe guda.

Ɗalibin Teknik
Ban san wannan ba, na makarantarmu ƙarami ne. Na gode Baba.

Mai Washin Lam
Sauran kuma da hannu ake juya bolan, wuta a kashe daga tablo. Haƙora su kalli ƙasa wajen tebur. In ka ga sun kalli sama, lam ce ta juye, a sa safar hannu a juya cikinta waje. Safar ta ɗaura lam ce kawai, ba a yanka da ita, haka ma hannun riga mai faɗi. Gid na gefe, wato abubuwan da ke riƙe lam hagu da dama, su matso har kaurin takarda ya rage, kuma su tsaya bayan kwarmin haƙora. Rulma na baya, ɗan wilin da ke tokare bayan lam, kada ya taɓa ta sai an fara tura katako. Gid na sama a sauke shi ya rage kamar kaurin yatsa a kan katako, ba a bar lam tsirara santi 20 ana yankan allon santi 2 ba. Ɗauri kuma, ka ɗaga gid ka tura lam da yatsa daga gefe, kada ta kauce fiye da rabin santi. In an tashi aiki da yamma a sassauta ta.

Guntun icce mai zagaye kada a tura shi haka nan, lam za ta fizge shi ya juya da hannun mutum. A kafe shi a kan allo tukuna. Ƙarfe kuma ba a yankawa da wannan mashin ko da an sa lam ta ƙarfe, gudunsa ya yi yawa ƙwarai.

Kafintan Bukoki
Ƴan uwa, na dawo da labari. Na bi shawarar Hajiya, an yanka mini katakon tabul-ban a wurin maigidana, 40 ɗin sun tafi. Konter trifaze ya zo, Malam Mai Wuta da kansa ya zo ya yi haɗin, Allah Ya biya shi. Ashe a tiriyangil moter ɗin ya zo, da na samu trifaze na haɗa kai tsaye da yanzu wani zancen ake. Ya mayar da shi etwal. Da muka kunna bolan baya ya juya, ya sauya faz biyu ya daidaita. Bobin ɗin 230 ce, sai da muka koma muka sayo kabul mai waya biyar.

Baban Ader
Kun gwada ɗauke wutar?

Kafintan Bukoki
Sau uku, Baba, a gaban yaran. Bai tashi ba sai an danna kore. Na kuma sa kwaɗo a akwatin disjonkter, makullin yana aljihuna, duk mai buɗe murfin ƙasa sai ya zo ya karɓa ya kashe da hannunsa.

Baban Ader
Alhamdu lillahi. Ka gaishe min da yaran.

Mai Wuta Talaje
Ka tuna mini a watan Afrilu in zo mu sake auna piket ɗin. Kuma in ka ga voltmeta ta sauka ƙasa da 360 tsakanin faz biyu, ka dakata da tsaga mai kauri har ta dawo.

Kafintan Bukoki
In sha Allah. Saura abu ɗaya. Na sa mai faɗin 25 na tsaga maɗaci yau. Farkon allo biyu sun fita sumul, daga na uku sai ta fara ja hagu, ko na matse katakon da gid ɗin tebur, wanda ake jingina shi a kai, sai ta kauce. Na ƙara ɗauri bai hana ba.

Mai Washin Lam
Kada ka ƙara ɗauri kuma. Maɗacin da ɓawonsa ka tsaga?

Kafintan Bukoki
E, gefe ɗaya akwai ɓawo.

Mai Washin Lam
To rairayin cikin ɓawon ne ya dakushe haƙoran gefe guda, shi ya sa take bin gefen da ya rage da kaifi. Ka sa ta biyun, ka fere ɓawon da gizago ka goge da buroshin ƙarfe kafin ka tura. Wannan kuma ka naɗe ta ka aiko yaro da ita ranar Asabar da safe, kafin rumfa ta cika.